Daga Kaduna zuwa Jos a kan keke: abin da ya faru a Hawan Kibo

A watan Disamba, lokacin hutun makaranta, mutum uku daga cikin waɗanda muke fita motsa jiki da keke a Kaduna suka ɗaura niyyar zuwa Jos a kan kekunansu. Shirin shi ne su bi ta Kachiya da Kafanchan, su hau tsaunin Filato ta Hawan Kibo, su dawo gida ta Jengre da Saminaka da Pambeguwa. Biyu daga cikinsu sun taka feda tun daga farko har ƙarshe. Na ukun, wanda ya fi su ƙuruciya da ƙarfi, a bayan motar kaya ya ƙarasa hawan, rungume da kekensa. Ni ban je ba. Aikina shi ne riƙe waya a gida, duk inda suka sauka su kira ni, ni kuma in shaida wa iyalansu. Abin da ke cikin wannan rubutu daga waɗancan kiraye-kirayen ya fito, da kuma zaman da muka yi bayan sun dawo.

Mutanen da kekunansu

Babbansu malamin sakandare ne a Tudun Wada, ya ba wa hamsin baya. Ya koma hawan keke ne bayan an cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, da kuɗin mota zuwa wurin aiki ya fara cin albashi. Na biyu mai gyaran keke ne, wanda Malam ke tsokana da Injiniya. Na uku ɗan ƙanwar Malam ne, ɗalibi, shekarunsa ba su wuce ashirin da biyu ba. Auta suke ce masa. A fitarmu ta Asabar, daga Kawo zuwa hanyar Zariya, babu mai iya bin ƙurarsa.

Malam da Injiniya kekunan hawan dutse suka ɗauka, tsofaffi 'yan gwanjo, masu kaurin taya. Kafin tafiya Injiniya ya yi musu aiki uku. Ya sa musu giyar baya mai haƙori 34, ya sauya robar birki da wayoyinta, ya kuma je Panteka aka haɗa masa kariya ta ƙarfe, aka ɗaure jakunkuna hagu da dama. Auta keken tsere gare shi, siririn taya, marar nauyi, abin sha'awa. Babu inda za a ɗaura masa kariya, saboda haka kayansa a jakar goyo ya zuba. Injiniya ya ce ya kawo a sauya masa giya, ya ce ai ƙafarsa ita ce giyarsa. Aka yi dariya aka bar maganar.

Ga abin da wannan dariyar ta ƙunsa a lissafi. Giyar Malam mafi sauƙi haƙori 28 ce a gaba, 34 a baya. A kan taya mai inci 26, duk juyin feda ɗaya yana tura keken kimanin mita 1.7. Ta Auta mafi sauƙi 39 ce a gaba, 25 a baya, juyi ɗaya mita 3.3. A miƙaƙƙiyar hanya wannan riba ce. A kan hawa kuwa, inda mai kaya ba ya wuce kilomita 6 a awa, Malam zai riƙa juya ƙafa sau 60 a minti cikin sauƙi, Auta kuma sau 30, kowane taki da ƙarfi kusan ninki biyu, ga jaka a gadon baya tana danne shi.

Lissafin kilomita

A Kaduna suka zauna suka raba hanyar da kilomita, irin yadda muka saba a garinmu da ba shi da wani tudun kirki: kilomita 18 zuwa 20 a awa, a ninka da awannin yini. Ranar farko ta nuna musu lissafin bai zauna ba. Sun bar gida bayan sallar asuba, suka haye gada, suka bi ta Sabon Tasha da gefen matatar mai, Kujama, Kasuwan Magani, Kufana, Idon. Daga Kaduna zuwa Kachiya ya haura kilomita 120, kuma hanyar hawa da gangara ce babu ƙaƙƙautawa. Ba wani tudu mai ban tsoro a ciki, amma kowanne sai ya karɓi rabonsa. Tayar Auta ta yi faci sau biyu, don duk lokacin da tirela ta matso dole a sauka gefen titi, inda tsakuwa da fasassun kwalabe suke. Sun yi alkawarin la'asar za ta same su a masauki. Ana kiran magariba suka shiga Kachiya.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wannan hanya. Duk wanda ke Kaduna ya san abin da masu garkuwa da mutane suka yi a yankin Kajuru da Kachiya a shekarun nan. Direbobin haya ma ba sa son duhu ya same su a wasu wuraren, balle mai keke. A daren ne Malam ya ce daga yau an daina ƙirga kilomita. Za a riƙa tambaya ɗaya kawai: wane gari ne za mu iya kaiwa kafin ƙarfe uku, ko da taya ta fashe sau biyu?

Yadda yini ke tafiya

Daga nan rayuwarsu ta hau tsari guda. Tashi kafin asuba, ɗaure kaya, salla, sannan teburin mai shayi: burodi, ƙwai, shayi mai kauri. In an samu mai koko da ƙosai a ƙara. A Disamba rana ba ta fitowa sai kusan bakwai saura, kuma ba sa hawa titi sai gari ya waye sosai, sanye da riga mai ƙyalli da hular kwano, domin hazo yana ɓoye mai keke daga idon direba. Awanni huɗun farko su ne jarin yini. Iska ba ta taso ba, rana ba ta yi zafi ba, ƙafa sabuwa ce.

Kafin kowa ya hau, Injiniya sai ya bi kekunan ɗaya bayan ɗaya. Ya matsa taya da babban yatsa, ya ja birki ya tura keken ya ga ko zai motsa, ya juya wili ya kasa kunne, ya goge ƙurar sarƙa da tsumma ya ɗiga mata mai. Ƙurar hunturu in ta haɗu da mai a kan sarƙa takan zama baƙin kwaɓi mai cin haƙoran giya, shi ya sa yake gogewa kafin ya ɗiga, kuma ɗigo kaɗan. A jakarsa akwai famfo, tif biyu na kowane girma, sholisho da faci, sifana, filaya, wayar birki, da wani yanki na tsohuwar taya da yake sawa ta ciki in sabuwa ta yage.

Abinci kuwa ba a jira sai an ji yunwa. Dabino, gyaɗa, ƙuli-ƙuli da ayaba suna aljihu, ana ci ana tafiya. Duk inda suka ga mai fura da nono ko mai kunu, an tsaya ke nan. Ruwa shi ne yaudarar hunturu: busasshiyar iska tana shanye gumi tun bai jiƙa riga ba, mutum ya ɗauka bai yi gumi ba, alhali yana iya zubar da kusan lita a awa in aikin ya yi tsanani. Malam yakan haɗa gora ɗaya da gishiri da sukari irin na asibiti, lita guda da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin cokali na gishiri, a riƙa kurɓa tsakanin ruwan leda.

Salla ta zo musu da sauƙi. Tafiyar ta wuce mil 48, kimanin kilomita 80, da malamanmu na Malikiyya suka ƙayyade, saboda haka ƙasaru suke yi, kuma sukan haɗa azahar da la'asar in hanya ta matsa. Hutun tsakar rana a gindin mangwaro ko rumfar mai faci, nan ake salla, nan ake miƙe baya.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa a bainar jama'a ba. Zama a kan sirdi awa shida ko bakwai kullum yana goge fata. Wanda ya kwana da wandon da ya yini da shi, kwana biyu ya isa maruru ya fito masa. Don haka da an sauka, wanka ne farko, sai wanke wandon hawa a shanya, a shafa man kaɗanya. Alherin hunturu ɗaya a nan shi ne kafin asuba ya bushe ƙayau.

Masauki

Wannan ne ɓangaren da ya fi ba ni sha'awa a labarin, kuma shi ne dalili na biyu na dokar ƙarfe uku. Kudancin Kaduna ƙasa ce da ta sha rikici, tun na Kafanchan a 1987 da na Zangon Kataf a 1992 da na bayan zaɓen 2011, har zuwa hare-haren ƙauyuka na baya-bayan nan. Baƙi uku da jakunkuna a ɗaure, in suka shigo gari da duhu, ba wanda zai ga laifin 'yan banga in sun tare su. Su ukun nan dai in suka shigo da rana tsaka, yara na bin su a guje, abin kallo ne kawai.

Malam ya tafi da takarda daga mai unguwarsu da katin aikinsa, kowa kuma da katin ɗan ƙasa. A shingen sojoji sukan sauka tun daga nesa, su cire tabarau, su turo kekunan da hannu. Tambayar ba ta sauyawa: “Daga ina? Kaduna? A kan wannan abin? Nawa aka biya ku?” In an buɗe jaka aka ga famfo da garin kwaki, sai dariya. A gari kuma, in ba su kama ɗakin haya ba, wurin mai gari suke fara zuwa su yi gaisuwa su faɗi ko su wane ne. A manyan garuruwa akwai unguwar Hausawa da masallaci. A wani ƙauye kusa da Zonkwa kuwa, inda babu ko ɗaya, dattijon coci ne ya buɗe musu ajin makaranta, matarsa ta kawo ruwan zafi a bokiti da tuwon acca. Da Hausa aka yi duk hirar, domin ita ce harshen kasuwa a duk yankin, tsakanin Bajju da Atyap da Ham da sauransu. Matar ta dubi Auta ta ce, “Ɗana, ci ka ƙoshi, kai ne ka fi su ramewa.” Bai ci da yawa ba. Gajiya ta kashe masa sha'awar abinci, ya ɗan taɓa ya kwanta. Wannan shi ne dare na biyu da ya yi haka, kuma babu wanda ya lura sai daga baya.

Sun huta yini guda a Kafanchan, garin da mahaɗar jirgin ƙasa ta raya tun 1927. Suka je kallon ruwan Matsirga, suka cika waya da fawa bank da caji, suka ciri kuɗi a wurin mai POS. Washegari suka bi gindin dutsen Kagoro, inda ake bikin Afan kowace ranar 1 ga Janairu, suka gangara Gidan Waya suka kwana.

Ranar hawan

Daga Gidan Waya hanya ta ratsa gandun dajin Nimbiya zuwa mararrabar Fores, inda ta haɗu da wadda ta taso daga Akwanga. Kaɗan a gaba, kusa da ruwan Assop, tsaunin yake tsaye a gaban mutum. Gindinsa bai fi tsayin Kaduna daga teku da wani abin kirki ba, wajen mita 600. Samansa, ta wajen Riyom da Jos, ya kai mita 1,200. Wato abin da ke tsakanin Kaduna da Jos na tsayi, kusan gaba ɗayansa a nan ake biyan sa, cikin 'yar tazara.

Mutum da keke da kaya in sun kai kilo 95, ɗaga su mita 600 kaɗai yana cin fiye da kalori 500 daga jiki, ban da na tafiyar kanta, domin kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai na abin da jiki ya ƙona yake isa feda. Sukarin da jiki ke ajiyewa a tsoka da hanta kuma ba ya wuce awa ɗaya da rabi zuwa biyu na aiki mai tsanani. Wanda ya cika cikinsa da dare ya farka da ajiyarsa cike. Wanda ya yi dare biyu yana taɓa abinci, da rabin tanki ya fito.

Auta ya fara hawan a gaba, tsaye a kan feda, keken na rangaji hagu da dama. Dole ce ta sa shi: da irin giyarsa, in ya rage gudu ƙafa ba za ta juya ba. A lanƙwasa biyu na farkon hanyar ya ɓace musu. Malam na can baya a zaune, yana juya ƙafa a hankali, gudunsa bai fi na mai sauri a ƙasa ba. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, su kuma can suka dosa, saboda haka a fuska take dukansu. Tireloli na hawa da gurnani suna tofa baƙin hayaƙi, masu gangarowa kuma ƙaurin birkinsu ya cika wurin. Hawan Kibo ya yi suna da haɗarin manyan motoci da birki ya tsinke musu, kuma ragowar ƙarafan na nan a gefen hanya.

Wajen rabin hawan suka same shi zaune a kan dutse, keken a kwance. Leɓensa ya bushe, hannunsa na rawa, cinyarsa ta ɗaure, maganarsa ba ta fita sosai. Gorarsa babu ko ɗigo, dabinonsa kuwa yana can ƙasan jaka bai taɓa ba.

“Kawu, idona duhu yake gani.”

Malam ya kwance masa jakar, ya jawo shi inuwa, ya ba shi ruwan gishiri da sukari kurɓi-kurɓi, sannan dabino da ayaba. Bayan rabin awa ya dawo hayyacinsa, har ya ce a tafi. Ya hau, bai yi taki ashirin ba jijiyar ta sake kamawa. Injiniya ya ce su yi musayar keke, amma ya fi Auta gajarta sosai, kuma shi kansa ya san ba zai iya tura waccan giyar ba. Suka gwada turawa a ƙasa. Takalmin tsere ba na tafiya ba ne, santsi yake a kwalta.

Wata tirela ta zo tana jan ciki, Auta ya ce bari ya kama bayanta ta ja shi, yadda yara ke yi a gari. Nan ne kawai Malam ya ɗaga murya a duk tafiyar.

“Wallahi ka taɓa motar nan, daga nan gida za ka koma. In ta zame baya, me zan je in ce wa uwarka?”

Ƙarfe ɗaya ta wuce. Malam ya duba abin da ya rage na hawan, da tazarar da ke bayansa kafin gari, ya ga in suka ci gaba da turawa magariba za ta same su a daji, ga yankin Riyom shi ma ba baƙon tashin hankali ba ne. Ya tsayar da wata a-kori-kura da za ta ɗauko dankali, aka yi ciniki, aka ɗora Auta da kekensa da jakarsa, aka ce ya jira su a Riyom wurin mai shayi. Su biyun suka ƙarasa a kan feda. Da suka kai sama iska ta yi sanyi har sai da suka ciro rigunan sanyi, domin duk mita 1,000 da aka hau zafi na raguwa da kimanin digiri 6. Gonakin dankali da shingayen ƙerana da tulin duwatsu suka maye gurbin daji. Washegari suka shiga Jos ta Bukuru, su uku a jere.

Me ya kayar da shi?

A zaman da muka yi an yi gardama. Wasu suka ce giya ce, wasu suka ce yunwa, wasu suka ce girman kai. A ganina ukun a sarƙe suke, kuma giyar ce ta fara. Ita ta hana shi tafiya a hankali, gudun ya ƙone ɗan sukarin da ya rage, jakar goyo ta hana shi kai hannu ga abinci ba tare da ya tsaya ba, tsayawa kuma yana ganin ta abin kunya. Ƙarfin da yake taƙama da shi na awa biyu ne a safiyar Asabar, a dawo gida a ci abincin uwa a yi barci a katifa. Doguwar tafiya tana gwada wani abu dabam: ko mutum zai iya cin tuwo alhali ba ya sha'awa, ya wanke wando alhali barci yake ji, ya tashi gobe ya maimaita.

Amma ban yarda a jibga wa yaron laifin duka ba. Manyan biyu sun san giyar ba ta dace ba tun a Kaduna, suka bar ta ta wuce da wasa. Sun kuma bar shi ya ɓace musu a hanyar da suka san hatsarinta. Da faɗuwa ya yi a gaban mota, da sai bayan minti ashirin za su sani. Abin da Malam ya yi daidai shi ne tsayar da motar. Akwai waɗanda har yanzu suke cewa tunda an hau mota tafiyar ba ta cika ba. Masu faɗin haka a Kaduna suke zaune lokacin.

Dawowa

A Jos sanyin dare ya kusa digiri 10, suka sha gwate suka yi kwana biyu. Injiniya ya zaga wurin masu kayan keke ya samo giyar baya mai manyan haƙora da za ta shiga keken Auta, ya raba kayan jakar goyon tsakanin kariyarsa da ta Malam, ya ɗaure masa 'yar jaka a kan keke ta gaba inda hannu ke kaiwa. Suka kafa doka cewa na gaba ba zai wuce inda na baya ke hango shi ba.

Saukowa daga tsaunin ta hanyar Jengre ta zo da nata darasin. Keke mai kaya in aka riƙe masa birki babu saki a doguwar gangara, bakin wilin yakan yi zafin da zai iya fasa tif. Injiniya ya nuna musu a matsa da ƙarfi a saki, gaba da baya bi da bi, a rage gudu kafin kwana ba a cikinta ba, a tsaya lokaci-lokaci a taɓa wilin. A tsayawar farko Malam ya taɓa nasa ya janye yatsa da sauri. Daga Saminaka iska ta koma bayansu. Auta ya riƙa cin kwano biyu kowane dare, kuma bai sake hawa mota ba har Kawo. Yanzu ya sa keken tseren a kasuwa, yana neman mai kariya, don ya ce hutun Disamba mai zuwa zai koma Fores ya hau rabin da ake bin sa.